Ɗana, Kusaghe ba a Bawku suke ba

Wani ɗalibi ya kawo mini takardarsa kan mutanen Kusaghe in duba masa. A layin farko ya ajiye su a arewacin Gana, a na ƙarshe ya jera musu buƙatu: rijiya, asibiti, makaranta. Gabana ya faɗi, domin kuskuren da na tafka ke nan a da, kuma nawa ya fi muni tunda ni a aji na koyar da shi.

Kusasi na Bawku a arewacin Gana daban, Kusaghe daban. Kusaghe suna arewacin tsibirin New Georgia ne, a lardin Yamma na Tsibiran Solomon, can cikin tekun Pasifik. Masu jin harshensu kusan 2,400 ne a ƙidayar 1999. Nakan ce a lokacinmu taswira ma sai an aro, kuma haka ne. Amma rashin taswira bai sa ni rubuta "rijiya" ba, ganda ce. Na ɗauki buƙatun ƙauyenmu na ɗora wa mutanen da ruwan sama ke dukan rufinsu kusan duk shekara, masu noman dankali da rogo da gwaza, masu kamun kifi da kwalekwale, masu shanya kwakwa su sayar.

Addininsu ma da kalma ɗaya na sallame shi: Kirista. Ban yi ƙarya ba, sai dai na binne labarin. Mishan na Methodist sun sauka New Georgia a 1902. Wajen 1960 wani ɗan ƙasa, Silas Eto, wanda mabiyansa ke kira Holy Mama, ya ɓalle ya kafa Christian Fellowship Church, ƙauyensu kuwa aka sa masa suna Paradise. A wannan coci ibada da aikin gayya da riƙon ƙasa duk tafiyarsu ɗaya.

Nan ne inda na fi jin nauyi, don ban ambaci daji ba ko sau ɗaya. Ƙasa a wurinsu ta dangi ce, ba ta mutum ɗaya ba. Idan mutum biyu uku suka sa hannu a takardar kamfanin katako, katafila ta shiga, a kwashe gungume a loda a jirgin ruwa, laka ta gangaro ta ɓata rafin sha, ta rufe duwatsun murjani inda kifi ke taruwa, kuɗin kuma ya raba 'yan uwa. A 1982 mutanen yankin sun ƙona sansanin kamfanin katako na Levers a Enoghae. Wanda bai san wannan ba, me ya sani game da buƙatunsu?

Ku yaran yanzu duniya na tafin hannunku, amma shafin farko da waya ta buɗe shi ne alƙalinku. Minti biyar ba za ku iya ba taswira ba!

Kai ɗalibina, na so in ba ka shawara goma, uku suka rage. Nemo wurin a taswira kafin ka ɗora alƙalami. Tambayi wa ke da ƙasar, wa ke sa hannu a madadin wa. Bincika harshen da yara ke ji a coci da kasuwa, domin harshen Roviana na maƙwabtansu da Pijin, wato broka ta tsibiran, sun daɗe suna matse ƙananan harsuna irin nasu.

Da na ce maka kada ka rubuta kan mutanen da ba ka taɓa gani ba. To amma in ka bari, wa zai faɗi sunansu da Hausa? Rubuta. Sai dai ka goge layin rijiyar nan tukuna, ka dawo mini da takardar ranar Litinin.