Godiya bayan walimar Mabera

Assalamu alaikum. Tun ranar Asabar nake son in rubuta wannan, gajiya da baƙi suka hana. 'Yan'uwa, maƙwabta da abokan aikina 'yan sanda da kuka cika gidanmu a Mabera don taya ni murnar kammala horon aikin wanzar da zaman lafiya, na gode, Allah Ya bar zumunci. Waɗanda suka taso daga Wamakko da Bodinga cikin wannan rana, Allah Ya ba da ladar tafiya.

Da yawa kun ga takardar shaida a hannuna, ba ku san sai da na faɗi jarrabawa sau ɗaya ba. Kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki ɗan sanda, sai ta gwada shi a harshe, da tuƙi, da harbi. Turanci da rubuta rahoto ban sha wuya ba, harbi ma haka. Tuƙi ne ya kayar da ni. Mota mai giyar hannu, aka ce in yi baya da ita in shiga tsakanin robobi. Na take biyu, motar ta mutu. Na dawo Sakkwato ina kuka kamar ba mai ɗamara ba.

Kawu, a nan naka ya shigo. Wata uku kullum bayan sallar asuba kana fitar da ni bayan gari wajen Kwannawa da tsohuwar Hilux ɗinka, ka jera galan-galan na ruwa a ƙasa, ka koma gefe kana cewa, "Saki kuloci sannu, ɗiyata, ba faɗa kuke ba." Galan nawa na fasa maka? Ko na mai ba ka taɓa karɓa ba. Allah Ya saka maka da Aljanna.

Sai malamanmu na Jaji, a cibiyar da ke ɗauke da sunan Janar Martin Luther Agwai, wanda ya jagoranci dakarun zaman lafiya a Darfur daga 2007. Aji ɗaya aka haɗa mu, soja da ɗan sanda da farar hula, kuma da farko kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon bai san aiki ba. An nanata mana ƙa'idoji uku har muka haddace: sai da yardar masu rikici ake shiga, ba a ɗaukar ɓangare, ba a amfani da ƙarfi sai don kare kai ko kare aikin da aka turo ka. Amma darasin da ya zauna mini shi ne ranar da aka shirya mana sansanin 'yan gudun hijira na gwaji. Wata mata ta zauna a tabarma, maza uku suka yi ta tambayarta, ko kai ba ta ɗaga ba. Da aka turo ni na tsaya a kanta da littafi, malama ta ce, "Haka kike gaida surukarki a gida?" Kunya ta kama ni. Na cire hula na zauna ƙasa, na tambaye ta ya yara, sai ga magana. Ashe abin da aka koya mini tun ina ƙarama a zauren gidanmu ne na je har Kaduna aka tuna mini.

Surukar tawa kuwa, Inna, ita ta riƙe yara uku duk tsawon rashina, har da auta mai tashi cikin dare. Da masu cewa me mace za ta je yi ƙasar yaƙi suka dame ta, cewa ta yi, "Ku bar ta ta tahi, can ma mata na akwai." Maigida, kai ba zan yi maka godiya a Facebook ba, ka san sauran.

An ce tun 1960 'yan sandan Najeriya ke wannan aiki, daga Kwango aka fara. Ni Sudan ta Kudu ake sa ran tura ni, ana ta tsorata ni da zafin Juba, ina dariya, mutumin da ya yi azumi a Sakkwato cikin watan Afrilu.

Ku sa ni a addu'a, ku riƙa leƙa Inna da yaran. Sannan akwai kuloli biyu da wani babban faranti da aka bari ranar walima, mai su ya aiko yaro ya ɗauka kafin in tafi.