Daga Ɗa'ifa zuwa Riyad da Karyar Farauta

Kawuna haifaffen Makka ne, domin kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan, ya tsallaka teku daga Sawakin, kuma zuri'arsa ba ta sake komawa gida ba. Tun da ya ajiye aiki ya koma zama a wata 'yar gona da ke bayan Ɗa'ifa, inda yake kiwon awaki da tattabaru da karnukan farauta na Larabawa da ake kira saluki. Duk wanda ya taɓa ganin karnukan Buzaye na ƙasar Azawak zai gane sifarsu: dogayen ƙafafu, faffaɗan ƙirji, siririn ƙugu, kuma da ido suke bin zomo, ba da hanci ba. A cikinsu akwai wata karya mai launin ƙasa wadda Kawu yake ji da ita, amma an sha kai ta barbara ba ta ɗauki ciki ba, har makwabta suka fara ce masa juya ce. Namijin da yake so a haɗa ta da shi kuwa yana hannun wani tsohon abokinsa a Hufuf, can gabashin ƙasar, kuma ya taɓa karyewa a ƙafar baya, ba ya iya hawa. Shawarar da suka yanke ita ce su haɗu a Riyad, a wani asibitin dabbobi mai zaman kansa, a yi barbarar ta hannun likita. Ni ina karatu a Jidda, kuma da yake na iya tuƙi, sai Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, ka zo ka kai mu."

Mun tashi bayan sallar Isha, saboda kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma doguwar tafiya a cikin rana takan galabaitar da shi ko da motar tana da na'urar sanyaya iska. Ɗa'ifa tana bisa tsauni ne, wajen mita 1,800 sama da teku, don haka da muka gangara zuwa shimfiɗaɗɗen filin Najadu sai iska ta sauya. Hanyar ta kusa kilomita 800, ta bi ta Muwaih da Zalim da Ƙuwai'iyya, kuma babu abin kallo cikin dare sai fitilun manyan motoci da allunan gargaɗi a kan raƙuma. Muna tsayawa lokaci-lokaci nesa da gidajen mai, Kawu ya fito da karyar a ɗaure da igiya ta sha ruwa ta miƙe ƙafa, idonsa yana kan duhu, domin warin karyar da ke neman barbara yana jawo karnukan da ba su da iyayen gida daga nesa, kuma haɗuwa ɗaya da irinsu ta isa ta rushe tafiyar baki ɗaya. Gari yana wayewa muka hau tsaunin Tuwaiƙ, Riyad ta bayyana a gabanmu.

Likitan da ya karɓe mu ɗan Sudan ne, kamar yawancin likitocin dabbobi da na gani a ƙasar, amma da ya ji Kawu yana yi mini magana sai ya ajiye Larabci ya gaishe mu da Hausa. Ashe mutumin Mai Wurno ne, garin da ke bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya yi karatunsa a sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Khartum da ke Shambat. Tambayar farko da ya yi ita ce, "Alhaji, a wace rana kuke kai ta wurin namiji?" Kawu ya amsa cewa tun yana yaro ya san ana ƙirga kwana goma daga ranar da aka fara ganin jini, sannan a haɗa su. Likitan ya ce wannan lissafin yana yi wa karnuka da yawa daidai, amma akwai karyar da ƙwanta ke sauka tun kafin mako ya cika, akwai kuma wadda sai ta haura mako uku, kuma mafi yawan waɗanda ake kawo masa da sunan ba sa haihuwa lafiyarsu ƙalau, lokacin ne kawai ake kuskurewa.

Bai fara da maganar barbara ba, sai da ya bi jikinta da hannu daga kunne zuwa wutsiya, ya ɗaga leɓenta ya duba launin dasashi, ya buɗa tsakanin yatsunta yana neman kaska, ya saurari zuciyarta na tsawon lokaci domin wannan jinsi yana da saurin kamuwa da ciwon zuciya. Ya nemi katin rigakafinta ya tabbatar an yi mata allurar haukan kare da ta cutar nan mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, yana mai cewa kariyar da uwa take da ita ce take ba 'ya'yanta ta cikin nonon farko, kuma ba a son yin rigakafin bayan ciki ya shiga. Daga nan ya ɗebi jini don gwajin bakkale irin na karnuka, cutar da ke sa karya ɓari a ƙarshen ciki, ta lalata maniyyin namiji, kuma tana iya kama mutum. Ya kuma duba gabanta ko akwai tsiron nan mai zubar da jini wanda karnuka ke yaɗawa ta barbara. Wannan na san shi, domin na sha ganinsa a jikin karnukan mafarautan ƙauyenmu, ana ta shafa musu magungunan gargajiya, alhali allurar vincristine sau ɗaya a mako na 'yan makonni takan kawar da shi.

Gwajin da tafiyar ta rataya a kansa shi ne na wani sinadari da ke cikin jini mai suna furojestaron. A jikin karya yakan fara hawa tun kafin ƙwai ya sauka, shi ya sa ake iya bin sawunsa. Idan ya kai kimanin nanogiram 2 a kowace mililita, alama ce ta cewa saura kwana biyu ƙwai ya sauka; idan ya kai wajen 5, ƙwai ya sauka. Sai dai karya ta bambanta da saniya da akuya ta wata fuska, wato ƙwanta yana sauka ne ɗanye, yana buƙatar ƙarin kwana biyu zuwa uku kafin ya nuna har maniyyi ya iya shigarsa. Gwajin farko na karyar Kawu bai kai 1 ba, ga shi kuwa bisa tsohon lissafi ranar barbara ta riga ta zo. Kawu ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Dakta, ke nan duk shekarun nan da wuri nake kai ta?" Likitan ya ce haka alamu suka nuna, amma a bari jini ya faɗa da kansa, a riƙa kawo ta ana tsallake kwana ɗaya-ɗaya.

Zaman jiran mun yi shi ne a wani lambu da ke wajen gari, inda wani ɗan'uwanmu mutumin Maraɗi yake kula da tumakin wani Balarabe, domin babu masaukin da zai karɓi baƙo da kare. Da dare Hausawan da ke aiki a lambunan kusa sukan taru shan shayi, kuma ba a daɗe ba hira ta koma kan halascin abin da ya kawo mu. Wani dattijo mai karatu a cikinsu ya ce ajiye karen farauta ba abin musu ba ne, tun da aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo, kuma hadisin da ya yi gargaɗi a kan ajiye kare ya keɓe na farauta da na kiwo da na gona. Inda gizo ke saƙa, in ji shi, shi ne kuɗi. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Umar cewa an hana karɓar ladan barbarar namiji, ko da yake Tirmizi ya ruwaito sassauci a kan kyautar da aka bayar ba tare da sharaɗi ba. Sayar da kare kuma Shafi'iyya da Hanbaliyya sun hana, Hanafiyya sun halatta, a mazhabarmu ta Malikiyya kuwa akwai saɓani, har Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malamanta, ya halatta sayar da na farauta. Kawu ya ce shi da abokinsa babu ciniki a tsakaninsu, likita ne kaɗai za a biya ladan aikinsa da na gwaje-gwajensa, kuma a al'adar masu saluki ɗan kwikwiyo kyautarsa ake yi ga wanda ake girmamawa.

Da awon ya kai 5 sai likitan ya sa aka kira Hufuf, ya ce a kawo namijin bayan kwana biyu. Nisan bai wuce kilomita 330 ba ta cikin yashin Dahna, kuma abokin Kawu ya iso da tsohon karensa baƙi mai gashi a kunnuwa da wutsiya, yana ɗingishi amma idonsa a tsaye. An riga an yi masa nasa gwajin bakkalen a can, yankin da Jami'ar Sarki Faisal take da kwalejin likitancin dabbobi. An tsayar da karyar a gabansa don ya ji warinta, likitan ya ɗebi maniyyin da hannu a cikin wani mazubi da aka ɗumama. Yana fitowa ne kashi uku, na farko da na ƙarshe ruwa ne garai-garai, na tsakiyan mai kama da madara shi ne yake ɗauke da ƙwayoyin. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi ya kira ni in leƙa madubin, na ga ƙwayoyin suna kutsawa gaba, wasu kaɗan suna juyawa wuri ɗaya. Ya ce ana so aƙalla kashi 70 cikin 100 su zama masu tafiya gaba, sannan ya tambayi mai karen ko ya yi zazzaɓi a watannin baya, domin ƙwayar maniyyin kare tana ɗaukar kusan wata biyu kafin ta kammala, kuma zazzaɓin kaska ko tsananin zafin bazara yakan bar tabonsa har tsawon wannan lokaci.

Sanyawar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. Karyar tana tsaye a kan tebur, Kawu yana riƙe da kanta yana yi mata magana a hankali, likitan ya zura wani siririn ƙarfe mai kyamara a baki, muna kallon allo har bakin mahaifa ya bayyana, ya ratsa shi da wani lallausan bututu ya tura maniyyin ciki. Ba a yi mata allurar barci ba, kuma likitan ya ce hakan ya fi masa kwanciyar hankali, saboda irin waɗannan karnuka marasa kitse sukan daɗe ba su farfaɗo daga wasu magungunan barci ba. Akwai masu tsaga ciki su zuba maniyyi kai tsaye a mahaifa, amma Ingila ta hana wannan tun 2019, shi ma ba ya yi.

Na tambaye shi game da maniyyin da ake daskarewa, domin na ga tulun ƙarfe a kusurwar ɗakin. Ya ce ana ajiye shi ne a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, yana iya shekaru masu yawa, amma da zarar an narkar da shi ba ya wuce yini guda a raye, alhali sabon maniyyi yakan yi kwana biyar ko fiye a jikin karya, don haka kuskuren rana ɗaya asara ce. Aikin ba sabo ba ne: wani malami ɗan Italiya mai suna Spallanzani ya yi wa karya barbarar hannu a wajajen 1780 ta haifi 'ya'ya uku, an samu 'yan kwikwiyon farko daga daskararren maniyyi a Amurka a 1969, sai a 2015 ne Jami'ar Cornell ta yi nasarar haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki har aka haifi bakwai, kuma wannan ɗanyen ƙwai na karya yana cikin abin da ya jawo jinkirin. A ganina mafarautanmu na gida ba tulun naitirojin suke buƙata ba tukuna, domin abin da ke cinye musu karnuka shi ne kaska da tsutsar ciki da gudawar jini da hauka, kuma kuɗin barbara ɗaya irin wannan zai yi wa karnukan ƙauye guda rigakafi. Ina kuma da fargabar cewa idan kowa ya koma neman maniyyin namiji ɗaya da ya yi suna, jini zai ƙuntata, cututtukan gado su yawaita.

Kafin mu kama hanyar komawa, likitan ya rubuta wa Kawu abin da zai kiyaye. Kada a kai ta farauta ko tsere, kada a ƙara mata abinci sai ciki ya shiga makonninsa uku na ƙarshe, kada kuma a ba ta kowane magani ba tare da an tambaya ba. Ranar haihuwa za a ƙirga ta ne daga ranar da ƙwai ya sauka, kwana 63, ba daga ranar barbara ba, kuma idan lokacin ya matso a riƙa auna zafin jikinta safe da yamma, domin yakan faɗi zuwa wajen digiri 37 kimanin yini guda kafin naƙuda. Bayan mako huɗu Kawu ya kai ta wani asibiti a Ɗa'ifa aka yi mata hoton ciki, ya kira ni ina Jidda ya ce an ga bugun zuciya fiye da ɗaya, amma ba za a san adadinsu ba sai ciki ya wuce kwana 45, lokacin da ƙashinsu zai fito a hoto. Tun kafin a kai nan abokinsa na Hufuf ya aiko cewa idan akwai mace baƙa tasa ce, makiyayin nan na Maraɗi kuma ya roƙi namiji ɗaya da zai riƙa kore masa dila daga garke, Kawu ya ce masa saluki ba ya gadi, sai dai ya nemo masa wani irin kare dabam.