Iyakar ɗan aike zaure ne

Wanda bai taɓa aikin kai saƙo ba yakan ɗauka duk wahalar a gano gida take. Akwai wahala a nan, ba musu. A Bauchi adireshi yawanci kwatance ne: bayan masallacin Juma'a, layin mai shayi, gida na uku mai koren get kusa da taransifoma. Ka je ka tarar an sake wa get ɗin fenti tun bara, mai shayin kuma ya koma Wunti. Amma wannan tambaya ce maganinsa, matambayi kuwa ba ya ɓata. Abin da ya daɗe bai zauna mini ba shi ne ɗan tsakanin nan, daga inda na kafe babur zuwa inda kaya za su bar hannuna. A ina zan tsaya, wa ke da ikon ce mini in shigo, in kuma an ce in shigo, har ina?

A da tambayar ba ta cika tasowa ba, domin a ƙasar nan wasiƙa ba ta saba bin mutum gida ba. Akwatin gidan waya ake kamawa haya, ko a ari lambar akwatin makaranta ko na ofis, mutum ya je da mabuɗinsa ya ɗauko. Sai irin su telegiram da saƙon gaggawa ne ake kaiwa har ƙofa. Yanzu kuwa da ciniki ya koma waya, mata na yin odar atamfa da turare daga Kano da Legas suna zaune a ɗaki, wuni muke a ƙofar gidajen mutane.

Na ci sa'a na fara aiki tare da wani dattijo da ya yi ritaya daga gidan waya. Tun zamanin P&T ya shiga aiki, lokacin wasiƙa da tarho suna ƙarƙashin ma'aikata ɗaya, kafin a raba ta a 1985 a fitar da NIPOST mai kula da wasiƙu da NITEL mai kula da tarho. A ɗan kamfaninmu shi ke raba mana kaya da safe, in an ɗauki sabon yaro kuma ya hau bayan babur ya raka shi. Baba muke ce masa. A cikin gari, wajejen Jahun da Bakin Kura, muna isa ƙofar gida abu na farko da zai ce shi ne, "Kauce daga saitin ƙofa, yaro, koma gefe." Sai ya gyara murya ya yi sallama, ya saurara. Ya sake yi. In ya yi ta uku shiru, ba ya ƙarawa. In ya hango yaro yana wasa a waje ya yafito shi: "Ɗan samari, shiga ka ce ana sallama da Malam." Amsar da yaron zai fito da ita ba ta wuce uku, ko wai yana zuwa, ko wai ba ya nan, ko wai in ji wa. Kowacce da abin da za ka yi, kuma ba ko ɗaya a ciki da ke nufin ka bi yaron. Abin da Baba ya fi maimaita mana shi ne rigar aiki ba mabuɗi ba ce.

Gidan Bahaushe na gargajiya shi da kansa yake gaya wa baƙo iyakarsa. Zaure a buɗe yake ga titi, rana ta yi zafi ka shiga ka zauna a dakali ba wanda zai tanka maka. Amma ƙofar da ke shiga ciki ba a yinta saitin ta waje, da gangan ake karkatar da ita don kada ido ya zarce tsakar gida. Wasu ma sai sun sa gawayi ko fenti sun rubuta "Ba shiga" a bango. Ba Baba ya ƙirƙiro tsarinsa ba. Aya ta 27 da ta 28 na Suratun Nur sun hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, in ba ka sami kowa ba kada ka shiga, in an ce ka koma ka koma. Neman izini sau uku ya zo a hadisin Abu Musa al-Ash'ari, lokacin da ya yi sallama a ƙofar Sayyidina Umar bai ji amsa ba ya juya. Wani hadisin kuma ya ce saboda gani aka sanya neman izini. Ashe tsayuwa a gefen ƙofa ma daga nan ta samo asali.

Ɓangaren dokar ƙasa daga ƙanena na ji shi, wanda ya karanta shari'a. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Abin da ya burge ni shi ne a sashe ɗaya aka haɗa gida da wasiƙa: yadda ba ni da ikon buɗe ambulan ɗin da ke jakata, haka ba ni da ikon faɗa wa gidan mai shi. Sai kundin hukunta laifuka na Arewa, Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960. A kundin na asali sashe na 342 ne ya fayyace laifin shiga haƙƙin wani, kuma ya rataya shi ga niyya: ka shiga wurin da ke hannun wani da nufin aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin mutunci, ko ɓata wa mai wurin rai. Hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun. Rabin sashen na biyu shi ya fi shafarmu, domin ya haɗa da wanda ya shiga da izini amma ya ƙi fita da irin wannan niyyar. Ban da wannan akwai ƙarar neman diyya, wadda mai gida zai iya shigarwa ko da ba ka fasa masa ko kofi ba. Takawar kanta ta isa.

Wani abokin aikinmu da ya ji batun niyya sai ya ce to ai mun tsira, tunda mu kaya muka kawo. Ni ban ga tsira a nan ba. Niyya a zuci take, sai an je gaban alƙali ake tone ta, kuma kafin a kai ga alƙali akwai unguwa. Namiji baƙo a tsakar gidan matan aure da rana tsaka, maigida yana kasuwa, mace ɗaya ta ƙwala ihu, ba wanda zai tsaya duba takardar da ke hannunka. Kowa ya san abin da kalmar ɓarawo ke jawowa a layi cikin minti biyu.

To da wane iko muke zuwa ƙofar mutane tun farko, tunda ba wanda ya rubuta mana takardar gayyata? Dokar Ingila, wadda kotunanmu suka gada a irin wannan shari'a, tana ɗaukar cewa duk mai gida ya ba da izini a fakaice ga wanda ya zo da halattacciyar buƙata, ya bi hanya ya isa ƙofa ya ƙwanƙwasa. An tabbatar da haka a shari'ar Robson da Hallett a 1967, inda aka kuma ce in mai gida ya janye izinin dole a ba mutum ɗan lokacin da zai fita. A Amurka, a shari'ar Florida da Jardines ta 2013, 'yan sanda sun kai kare mai shinshinar ƙwaya barandar wani gida a Miami. Kotun Ƙoli ta ce izinin na zuwa ƙofa ne a ƙwanƙwasa, a ɗan jira, a tafi, bai haɗa da bincike ba. Wato izinin yana da iyakar wuri, yana kuma da iyakar dalili. Da ƙanena ya gama bayani na ce masa ai zaure ke nan. Na zo kawo kaya, iyakata inda kaya za su sauya hannu. In na zagaya baya don in ga ko da mutane, ko na leƙa taga, ko na tsaya ƙare wa motocin gidan kallo, na fita daga abin da ya kawo ni ko da ƙafata ba ta gusa ba.

Inda abin ya rikice shi ne sababbin gine-gine. A GRA da Fadaman Mada da unguwannin da ke ta tashi a bayan gari ba zaure. Katanga ce doguwa da get na ƙarfe, daga titi sai harabar gida, babu wurin da aka ware wa baƙo. Sallama ba ta isa ciki, sai ka sa mabuɗin babur ka buga get. Sau da yawa za ka tarar ƙaramar ƙofar a buɗe, kuma nan ne sababbin yara ke ruɗuwa. Ƙofa a buɗe ba ta nufin an ce bismillah. Galibi yaro ne ya fita sayen omo bai ja ta ba. In da maigadi, da sauƙi, amma shi ma izininsa bai wuce bencinsa ba, in ya ce ka shigo to ka shigo inuwar ɗakinsa ne ka jira ya sanar. Gidan haya mai ɗakuna da yawa ya fi duka wuya a wurina. Mai kayan zai ce maka a waya ka shigo, ɗaki na huɗu. Shi ya yarda, amma tsakar gidan ba nasa ba ne shi kaɗai, ga matan maƙwabtansa suna wanki da girki ba lulluɓi, ba wanda ya tambaye su. Nakan ce masa, "Yallaɓai, a daure a fito, ina bakin ƙofa." Wasu su yi tsaki, amma suna fitowa.

Kare ma yana nan a irin waɗannan gidaje, ko da yake a cikin gari ba a cika ajiye shi ba. A Amurka hukumar gidan waya ta ce karnuka sun far wa ma'aikatanta sama da 5,800 a 2023. A Ingila sai a 2014 aka gyara dokar karnuka masu haɗari ta haɗa da cizon da ya faru a cikin gidan mai kare, bayan ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ta daɗe tana ƙorafi. A nan in kare ya kama ka a harabar da ba a ce ka shiga ba, tambayar farko da za a yi maka ita ce me ya kai ka.

Sai batun sa hannu. Akwai kayan da ba a bayarwa sai mai suna ya sa hannu, kuma yawancin masu odar yanzu mata ne, wasunsu ba sa fitowa gaban namiji. Yadda muke yi, in naɗe takarda da biro in ba yaro ya shiga da su. Wani lokaci ka ji takun takalmi ya tsaya a bayan labulen zaure, murya ta ce, "Sannu da zuwa, Malam, miƙo ta nan." Hannu mai lalle ya fito ya karɓi biro, ni kuma na juya fuskata titi har a gama. Da kamfani ya kawo tsarin lambar sirri da ake tura wa mai kaya a waya sai abin ya yi sauƙi, ta faɗi lambar daga ciki, in duba ta yi daidai, in ajiye kaya a dakali. A ganina masu kamfanonin kai saƙo suna barin kuɗi a ƙasa da ba sa ɗaukar mata. Masu rigakafin shan inna sun gane wannan tun tuni, shi ya sa mata ne ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara, domin mace sallama ɗaya za ta yi ta shige inda ni zan shekara a waje.

Akwai kuma ranar da za a ce ka koma. Takardar banki ce ko ta wurin aiki da mutum ya san abin da ke ciki, ko kaya ne miji bai san an yi odarsu ba. Ba a jayayya a ƙofar mutum. Ka rubuta an ƙi karɓa ka hau babur. Wasu yara don gudun a ce sun dawo da kaya sai su cilla ta saman katanga. Ƙanena ya ce a doka jefa abu cikin gidan wani ba izini shi ma shiga haƙƙi ne, ko da kai kana waje. Ban da haka, in kayan suka faɗa cikin bahon ruwa ko akuya ta tauna kwalin, daga albashinka za a cire.

Abin da har yanzu muke sa-in-sa a kai da abokan aiki shi ne izinin waya. Ka kira maigida yana ofis ko yana hanyar Gombe, ya ce, "Tura ƙofar kawai ka ajiye a baranda, ba komai." A doka shi ne mai gida kuma ya ba da izini, wasu ma sukan ajiye rikodin kiran don shaida. Amma matar da ke ciki ba ta ji wannan kiran ba, abin da za ta gani shi ne ƙato da hular kwano ya turo get. Ni nakan ce, "Alhaji, a taimaka a kira gida a sanar da su, a turo yaro ya karɓa." In ya ce wayarta a kashe take, sai in tambaye shi wane shago ne a layin ya yarda da mai shi. In bar kayan a can, mai shago ya sa hannu, in ɗauki hoton takardar in tura wa Alhaji. Yakan ci mini kamar minti goma, kuma ana biyanmu ne a kan yawan kayan da muka kai, don haka ba kowa ke yarda ya yi hakan ba.