Sa'adatu na cikin rajista amma kwamfuta ta ce babu ita

Makon jiya wata 'yar ƙaramar alama ta cinye min yini guda cur, wallahi har yanzu abin na raina. Akwai wata islamiyya a nan Tudun Wada da na rubuta musu ɗan firogiram na neman sunayen ɗalibai da Python, wani yaren rubuta firogiram, sai malamin da ke riƙe da rajista ya kira ni, wai in ya buga Aisha ko Bello suna fitowa, amma Sa'adatu da Mas'udu da Isma'il sai a ce babu su, alhali yaran ga su nan zaune a aji.

Na bi kod ɗin layi-layi, lafiya lau yake tafiya, ba inda ya tsaya. Sai bayan la'asar na gano bakin zaren: editan da na shigar da sunayen a ciki yana da saitin nan na smart quotes a kunne, duk inda na buga ' miƙaƙƙiya sai ya lanƙwasa ta ta koma ’ ba tare da ya tambaye ni ba. A ido kusan abu ɗaya ne, amma wajen kwamfuta, da kowace alama ke da lambarta, ta farko U+0027 ce, ta biyu U+2019, ko dangi ba su haɗa ba.

In alamar da ke buɗe string (wato rubutun da ake sawa tsakanin alamomin zance a cikin kod) ce ta lanƙwashe ai da sauƙi, nan take Python zai tsaya ya nuna maka lambarta, kamar U+201C ta “ mai lanƙwasa, da layin da take. Ta cikin string ɗin ita ce mugun abu, don shiru za ka ji, komai na aiki amma amsar ƙarya ce.

Kuma mu Hausawa abin ya fi shafa fa. A rubutunmu wannan alama ba kwalliya ba ce, baƙi ce kamar sauran baƙaƙe, da ita muke rubuta jama'a da sana'a da 'ya'ya, ga ta cike a sunayenmu. In ma a farkon kalma ta zo kamar 'yan, editan ɗauka yake zance za ka buɗe sai ya sa U+2018, ka ga harafi ɗaya ya zama kala uku kenan.

Na kashe saitin, sannan na sa firogiram ɗin ya riƙa mayar da masu lanƙwasar nan biyu zuwa U+0027 kafin ya adana suna da kuma kafin ya nema, don malam ma wani lokaci daga waya yake kwafo sunayen. Bayan magariba na ce masa, Malam a gwada Sa'adatu. Ya ce ta fito, har su uku.