Tayar taɓo da hanyoyin Haɗeja

Duk mai tuƙa a-kori-kura a gabashin Jigawa ƙasa iri uku yake takawa, wani lokaci ma a wuni guda. Akwai kwalta, wadda ta taso daga Kano ta bi ta Gujungu ta shiga Haɗeja. Akwai rairayin arewa, wajen Gumel da Maigatari. Sannan akwai baƙar lakar fadamar Auyo da Guri da Kirikasamma, wadda da rani take bushewa ta tsattsage, da damina kuma ta riƙe ƙafar mota ta ƙi saki. Aikina kai taki da iri ga manoman shinkafa, in kaka ta yi in ɗauko shanshera, kuma Hilux ɗin maigidana ce a hannuna. A wannan zirga-zirgar na gane cewa ba a ƙera tayar da za ta gamsar da ƙasashen nan uku ba. Kowacce ka saya, akwai inda za ta biya ka, akwai inda za ka biya ta.

Masu ƙera taya sun kasa su gida uku, kuma suna rubutawa a jikinsu. H/T ta kwalta ce, zanenta ƙanana ne a matse. A/T ta tsaka-tsaki ce, tana bin kwalta tana bin burji. M/T ita ce tayar taɓo, mai manyan haƙora da faffaɗan rami a tsakaninsu, haƙoran har sun gangaro kafaɗarta. Ita samari ke so, don tana sa mota ta yi kwarjini ko a tsaye take a ƙofar gida. Ba ni da ja da masu gayu, kuɗinsu ne. Maganata da mai neman abinci da motar take.

Wanda bai taɓa kafewa a fadama cikin watan Agusta ba, ba zai gane amfanin ramukan nan ba. Ka durƙusa ka dubi tayar kwalta bayan ta yi juyi biyu ko uku a cikin laka. Zanen duk ya cike, lakar ta liƙe ta shafe shi sumul kamar tukunyar da maginiya ta gama shafawa. Daga nan ko giyar taimako ka sa, wadda ke sa gaba da baya su ja tare, ƙafafu huɗun juyawa kawai suke a wuri ɗaya, suna fesa ruwa, motar tana zamewa gefe tana neman kwalbati. Tayar taɓo ma laka na shiga cikinta, amma da yake ramukan suna da faɗi, da ka ɗan ƙara wuta sai ta watsar da ita baya dunƙule-dunƙule, haƙoran su fito tas su sake cizon ƙasa. Haƙoran kafaɗa kuma su ke kama gefen sawun da tarakta ta haƙa, su fitar da kai daga ciki. Wannan watsarwar ita ce sirrinta gaba ɗaya. Shi ya sa mai tafiya a tsorace, yana lallaɓa totur, ba ya cin moriyarta, mai taka wuta ba lissafi kuma haƙa wa kansa rami yake. Ana son giya ta biyu, da wuta daidai wa daida, ba tsayawa a tsakiya.

Amma tana da iyaka. In sawun ya yi zurfi har cikin motar ya zauna a ƙasa, ƙafafu sun rataya, to babu tayar da za ta fitar da kai, ko nawa ka saye ta. Sai shebur da jak da katako, sai kuma samarin ƙauye da za su tura, ka sallame su. Shekarar 2022 da ambaliya ta mamaye yankin nan, hanyoyi da yawa ba na taya ba ne ma, na kwalekwale ne.

Wani alherinta da ba a cika faɗa ba shi ne kaurin gefe. Bayan girbi, in ka ratsa gona, tushiyar karan dawa a tsaye take da kaifi, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a kan hanyar shanu. Huda a kan zane, mai faci zai toshe maka. Yanka a gefe kuwa ya kashe taya, ko an yi mata faci ba abin dogaro ba ce a ƙarƙashin kaya.

To sai ka hau kwalta, a nan za ka fara biyan bashi. Da farko ƙara: gurnani ne da ke tashi daga ƙasa, yana ƙaruwa da gudu, kuma yana daɗa muni in haƙoran suka fara cinyewa ba daidai ba. Daga Haɗeja zuwa Kano sai kanka ya ɗauki zafi. Sannan shan mai, domin ta fi nauyi kuma ta fi wuyar gungurawa. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutum na iya kawar da kai, yanzu kuwa maigida na duba littafi. Tana kuma saurin cinyewa a kan kwalta mai zafi, ga shi a Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40.

Abin da ya fi damuna shi ne birki a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Mutane na ɗauka tayar da ta iya taɓo ta iya ruwa. Ba haka ba ne. Robar da ke taɓa titi kaɗan ce saboda yawan rami, kuma ba ta da isassun siraran tsagogin nan da ke share ruwa a ƙarƙashin taya. Ruwan farko, lokacin da ƙura da mai suka haɗu suka yi santsi, ga bayan mota ba kaya, ka taka birki a Gujungu ranar Lahadi kasuwa ta cika titi, za ka ji baya na neman wuce gaba. Tun da na san haka nake ninka tazarata da na gaba in hadari ya sauko.

Rairayi kuma labarinsa daban. Laka so take a cije ta, rairayi so yake a bi ta kansa a hankali. Haƙoran da suka cece ka a Guri su ne za su binne ka a hanyar Maigatari, don da ƙafa ta yi juyin banza sau ɗaya sai ta tona ta nutse. Maganin rairayi rage iska ne. Ka sauke ta zuwa wajen 18 ko 20 a gejin auna iska, taya ta baje, sawunta ya yi tsawo, sai ka ga mota ta taso sama. Tsohuwar A/T da aka rage wa iska ta fi sabuwar M/T mai iska ƙam a wannan wurin. Sharaɗin dai shi ne ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska da kaya a kanta zafi take ɗauka har ta fashe. Saboda haka ƙaramin famfon da ake jonawa a batir da geji nawa na kaina ba sa barin motar. Masu faci da yawa da bugun ƙarfe suke auna iska, su cika ta har 50 ko fiye, su ce ai motar kaya ce. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, na mota wayam daban, na mai kaya daban, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Karatun gefen taya wani dattijon makanike ne ya zaunar da ni ya koya mini, a wani shago a Kano. Ina ta shafa haƙoran wata taya, sai ya ce, "Yaro, bar kallon haƙora, juyo ta nan." Ya ɗora yatsa a kan lambobin. "Me ka gani?"

Na ce, "Baba, 265/65R17, sai 112."

"To 112 ɗin nan kilo 1,120 ke nan, iyakar abin da ƙafa ɗaya za ta ɗauka. Buhun taki nawa kake lodawa?"

Na yi shiru, don na san amsar ba za ta yi masa daɗi ba. Hilux tan ɗaya ko kusa da haka aka yi ta ta ɗauka, wato buhu 20 na taki mai kilo 50, kuma kusan duk nauyin a ƙafafun baya yake sauka, ban da nauyin motar kanta. A ƙauye kuwa wa ke tsayawa a 20? Ga mai buhu biyu ya roƙa, ga fasinja sun ɗare sama. Ya nuna mini wata mai LT a gaban lambarta, wadda aka yi don motar kaya, mai 121, wato kilo 1,450. Ta fi tauri, mota wayam tana tsalle da ita a kan burji, amma ita ke jure lodi. Harafin da ke bin lambar kuma na gudu ne: yawancin tayoyin taɓo Q ne, kilomita 160 a awa, wanda ya fi ƙarfin buƙatar mai hankali.

Sai shekaru. Bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Najeriya wajen 2007 da 2008, daga waje ake shigo da taya, sabuwa da ta hannu. A tayar taɓo 'yar Beljiyam, wato ta hannu, tarkon ya fi yawa, saboda haƙoranta dogaye ne, ko ta tsufa sai ka ga kamar da sauranta. A wanke ta, a shafa mata baƙin mai, ta yi ƙyalli. Ka buɗa tsakanin haƙoran da yatsa ka duba gindinsu: in akwai ƙananan tsagogi, robar ta bushe. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ƙirga wa taya daga ranar da aka yi ta, kuma suna dubawa a hanya. Araha dai ba ta ado.

Masu ƙara girman taya don mota ta ɗaga su ma su sani: babbar taya tana rage ƙarfin ja, tana gogar bodi in an karya sitiyari, kuma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi. Haka masu sa M/T biyu a baya su bar ƙananan H/T a gaba. A motar da ba ta jan gaba, ba laifi sosai. A mai jan ƙafa huɗu, bambancin tsayi yana wahalar da giyar taimako, gyaranta kuma ya fi kuɗin taya biyun da aka yi tsimi. Safaya ma girmansu ɗaya ya kamata ta zama.

Lissafin da muka zauna muka yi da maigida na watanni ne. Laka ta gaske daga Yuli zuwa Satumba take, sauran shekara kwalta ce da burji da rairayi. Sai dai a cikin watannin nan uku ake zuba taki, kuma manomin da takinsa ya makara ba zai sake nemanka baɗi ba. Na ce, "Alhaji, a sayi wili na daban." Ya yi jim, don kuɗi ne, daga baya ya yarda. Yanzu motar fadama tana da ƙafafu kashi biyu, kowanne a kan wilinsa. In ruwa ya zauna a ɗaura M/T, a watan Oktoba a kwance su a mayar da A/T. Waɗanda aka cire a wanke su, a jera su a ɗaki mai inuwa nesa da janareta da jarkokin mai. Kowane kashi kuma ana juya masa wuri, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, in ba haka ba haƙoran gaba su cinye a karkace.

Ɗaya motar maigida, mai kai kaya kasuwar Dawanau a Kano ta dawo, A/T mai LT muka bar mata shekara duka. In ya kama dole ta kai taki ƙauyen da hanyarsa ta jiƙe, a bakin kwalta take saukewa, masu amalanken shanu su ƙarasa da shi.