Gayyar da Muka Yi Domin Gyaran Tafkin Ƙungiyarmu ta Masu Fatsa

Ƙungiyar masu kamun kifi da fatsa da nake cikinta tana yammacin Yokshaya, a arewacin Ingila, kuma abin da ke hannunta bai wuce wani tsohon tafki ba, wanda aka haƙa tun zamanin da masaƙun ulu ke cin kasuwarsu a yankin domin a tara wa wata masana'anta ruwa. Masana'antar ta daɗe da rufewa, tafkin kuwa ya rage a hannun ƙungiya bisa yarjejeniyar haya. Kamun kifin da ake yi a nan na nishaɗi ne, domin mutum zai kama, ya cire ƙugiya a hankali, sannan ya mayar da kifin cikin ruwa da ransa. Doka ta wajabta wa duk mai fatsa da ya kai shekara 13 ya mallaki lasisin fatsa daga Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila, bayan haka kuma sai ya biya kuɗin ƙungiya na shekara. Abin da ake tarawa daga mambobi yakan isa biyan haya da inshora ne kawai, saboda haka da tafkin ya lalace, babu maganar ɗaukar ɗan kwangila ya yi aikin baki ɗaya, sai dai mu yi gayya.

Lalacewar ta fito fili ne a wani lokacin zafi, sa'ad da aka riƙa ganin kifaye da asuba suna tasowa saman ruwa suna buɗe baki. Wannan alama ce ta ƙarancin iskar oksijin, kuma da asuba abin ya fi tsananta, domin tsirran ruwa da ke samar da iskar da rana su ma shaƙar ta suke yi da dare, ga kuma ruɓaɓɓen ganye a ƙasa yana cin nasa kason. Da muka shiga kwalekwale muka caka doguwar sanda a wurare daban-daban, sai muka tarar a gefen da bishiyoyi suka fi yawa ruwan bai kai gwiwa ba, amma sandar tana nutsewa cikin baƙar laka har ta kusa ƙarewa, kuma idan aka zaro ta sai wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi. Ra'ayin mafi yawan mambobi a taron da ya biyo baya shi ne a hayo injin haƙa a kwashe lakar, a zuba sababbin kifaye, a wuce wurin.

Wani dattijo da ya yi aikin gina hanyoyi har ya yi ritaya ne ya nemi a dakata. Ya ce a jira ranar da za a yi ruwan sama mai ƙarfi, kowa ya zo ya tsaya a bakin tafkin ya ga inda lakar take fitowa. A wannan yanki ba a daɗe ana jiran ruwan sama, kuma abin da muka gani ya canza tsarin aikin gaba ɗaya. Hanyar ƙafa da ta gangaro daga wurin ajiye motoci ta zama lambatu, ruwa yana bin ta da gudu ɗauke da ƙasa, yana zuba kai tsaye cikin tafkin, har launin ruwan ya juye a wannan kusurwa. Gaɓar da ke gabas kuma tsirara take tun daga kaka har ƙarshen hunturu, saboda wata ciyawa mai furen ruwan hoda da ake kira balsam ɗin Himalaya ta mamaye ta. An shigo da ita Birtaniya a 1839 a matsayin furen ado, tana yin tsayin da ya wuce mutum, tana hana ciyawar gida fitowa, sannan da sanyi ya shigo sai ta mutu ta bar ƙasa babu saiwar da za ta riƙe ta. Ga kuma bishiyoyin wilo da suka sunkuya kan ruwa suna zubar da ganye kowace kaka. Na fahimci a ranar cewa ciwon tafkin daga tudu yake, kuma da mun kwashe lakar ba mu taɓa hanya da gaɓa ba, da kuɗin ƙungiya ya tafi a banza cikin 'yan shekaru.

Daga nan sai aikin ya bi kalandar da ba mu muka tsara ta ba. Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu muddin yana amfani da ita, shi ya sa ake guje wa saran itace daga Maris zuwa Agusta. Mun yi sassabe da rage rassan wilo a cikin hunturu, hannu na ƙandarewa a kan zarto, kuma ba mu sare kowace bishiya ba, domin kifi yana bukatar inuwa da wurin ɓuya daga tsuntsayen da ke farautarsa. Rassan da muka sare mun ɗaure su dami-dami, muka jera su a gindin gaɓar da ke zaizayewa, muka kafe su da turaku. Ɗanyen wilo yana tsiro idan ya samu danshi, kuma kafin shekara ta zagayo turakun sun yi saiwa sun kama ƙasar. Ita kuwa ciyawar balsam, sai a watan Yuni zuwa farkon Yuli ake tuge ta, kafin ta yi 'ya'ya, domin da zarar kwanson ya nuna, taɓa shi kaɗan ya isa ya fashe ya watsa iri zuwa nisan mita da dama. Saiwarta ba ta da zurfi, yaro ma yana iya tuge ta, don haka a wannan aiki ne iyalai suka fi fitowa.

Hanyar ce ta fi cin ƙarfinmu, kuma a kanta na fi koyon sana'a. Dattijon nan ya hana a zuba tsakuwa ko baro ɗaya sai da aka gama da maganar ruwa. Mun haƙa magudana a gefen tudu, muka binne bututu a ƙarƙashin hanyar a wuraren da ruwa ke tsallakawa, muka karkatar da shi zuwa wani ƙaramin rami mai ciyayi inda ƙasa za ta kwanta kafin ruwan ya isa tafki. Bayan haka ne muka kwashe ƙasar sama, muka shimfiɗa wani kyalle mai kauri da ke barin ruwa ya wuce amma ya hana tsakuwa nutsewa cikin taɓo, muka zuba niƙaƙƙen dutse, muka daɓe da inji, sannan muka bi da mai laushi a sama. Tsakiyar hanyar ta ɗan fi gefuna tudu yadda ruwa ba zai kwanta ba. Inda gangaren ya yi tsanani, mun bar tsohon layin da ya miƙe, muka lanƙwasa hanyar ta yi tsawo, har ya zama a kowace mita 20 tana sauka da mita ɗaya kawai, wanda shi ne ma'aunin da ake so domin mai keken guragu ya iya sauka da hawa da kansa. Wasu sun yi ƙorafi cewa an ninka musu tura baro, kuma gaskiyarsu ne, amma ni ina ganin wannan lanƙwasa ita ce mafi amfani a duk abin da muka yi. Akwai mambobin da suka shekara da yawa suna biyan kuɗin ƙungiya ba tare da sun taka bakin ruwan ba, saboda gwiwa ko sanda ta hana su bin taɓon, kuma babu wanda ya taɓa kawo maganarsu a taro.

A ƙarshen hanyar mun gina dandamali biyu masu faɗi da katakon roba wanda ba ya ruɓewa, kowanne da ɗan shinge a bakinsa domin kada tayar keke ta zarce. Kuɗin kayan ya fito ne daga tallafin da Angling Trust, wato ƙungiyar da ke wakiltar masu fatsa a Ingila, ke rabawa daga abin da ake tarawa na lasisin fatsa, kuma a takardar neman tallafin an ƙidaya awoyin da 'yan gayya suka bayar a matsayin gudummawarmu. Wannan ya koya mini muhimmancin littafin rajista da sakatare ke ajiyewa a bakin ƙofa, wanda da farko mutane ke ƙyuyar sa hannu a cikinsa.

Sai bayan duk wannan aka kawo injin haƙa, shi ma a lokacin sanyi, sa'ad da ruwa ya fi riƙe oksijin kuma kifi bai cika motsi ba. Kusurwa ɗaya kawai aka kwashe, bayan an yi rajistar da hukuma ke bukata kafin a jibge laka a gaɓa. An kuma rage kacala, irin wadda ta toshe wa masunta da manoma hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ko da yake a nan an bar wani yanki nata domin tsuntsaye da 'ya'yan kifi. Maganar zuba sababbin kifaye kuwa an jingine ta, domin sai da izinin hukuma ake yin haka, kuma kifin da aka kawo daga wani ruwa yana iya zuwa da cuta.

Game da tafiyar da mutane, na lura cewa ɗan gayya yana dawowa ne idan ya iso ya tarar an riga an san abin da zai yi, kayan aiki suna nan, kuma an tashi a lokacin da aka ce za a tashi. Safar hannu da rufe duk wani rauni wajibi ne a wurinmu, saboda cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a irin wannan ruwa. Haka kuma kowa sai ya duba takalmansa da komarsa, ya wanke, ya busar kafin ya kai su wani ruwa, kamar yadda wani gangamin wayar da kai da aka fara a Birtaniya a 2011 yake kira, domin guntun ciyawa da ya maƙale a takalmi ya isa ya ɓata tafki.

Yanzu an raba magudanun tsakanin mambobi, kowane rukuni da watan da zai kwashe ganyen da ya toshe bakin bututu, kuma balsam tana sake fitowa daga irin da ya rage a ƙasa, don haka tuge ta ya shiga jadawalin kowane Yuni. Hanyar gefen arewa har yanzu taɓo ce, an auna ta an kafa turaku, kuma za a fara haƙa magudanarta da zarar ganye ya gama zuba.