Yini guda a Munduk: magangarar ruwa da gonakin shinkafa

Yau Laraba a Munduk na yini, wani ƙauye da ke kan tsaunukan arewacin tsibirin Bali, a yankin Buleleng na ƙasar Indunusiya. Mun kama hanya da sanyin safiya tare da jagora ɗan ƙauyen, wanda ya raba mana sandunan gora yana cewa gangaren ba ya raga wa gwiwa, kuma gaskiyarsa ce.

Hanyar ta ratsa gonakin kofi da na kanumfari. Ni dai a ƙulle a kasuwa na san kanumfari, sai kuma a cikin kunu da zoɓo, shi ya sa na daɗe ina kallon dogayen itatuwansa da mutanen da ke maƙale a kan tsanin gora suna tsinko furen tun bai buɗe ba. Ana shanya shi a tabarmi a bakin hanya har ya rine ya yi duhu. Indunusiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, amma mafi yawansa a gida yake ƙarewa, cikin tabar da suke kira kretek.

Tun daga nesa muka fara jin rugugin magangarar Melanting. Ruwan yana faɗowa ne daga saman dutse zuwa wani kwari mai sanyi, feshinsa kuwa ya jiƙa mu tun kafin mu ƙarasa. Wurin yana da kyau ƙwarai, sai dai bayan hotuna da wanke fuska babu abin da ya rage illa hawan matakalar da muka sauko, wadda ta fi sauka wuya nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne inda ruwan yake zuwa. A hanyar komawa jagoran ya tsayar da mu a bakin wata ƙaramar kwata, inda aka gitta katako mai tsagogi domin kowace gona ta sami rabonta gwargwadon haƙƙinta. "Pak, nan ne ake gane maƙwabcin kirki," in ji shi (Pak kalmar girmamawa ce a wurinsu, kamar a ce Malam). Wannan shi ne tsarin subak, ƙungiyar manoman da ke shan ruwa daga tushe ɗaya. Su ne suke zaɓen shugabansu, wanda ake kira pekaseh, su gyara magudanai tare, su kuma tsayar da lokacin shuka, domin idan aka huta da noma lokaci guda ƙwari ba sa samun abin ci. Tsarin ya faro tun ƙarni na 9, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sanya wasu yankunansa, har da gonakin shinkafa na ƙauyen Jatiluwih, cikin kayan tarihin duniya. A ganina duk wanda ya tsaya a magangara ya juya, rabin labarin kawai ya gani.

Da azahar muka shiga wani gida, inda uwargidan ta nuna mana yadda ake saƙa canang sari, ɗan ƙaramin faifai na ganyen kwakwa da mabiya addinin Hindu suke cikawa da furanni kullum: fari a gabas, ja a kudu, rawaya a yamma, shuɗi ko kore a arewa. Na koyi saƙar, amma da aka zo kunna turare da miƙa faifan a matsayin hadayar ibadarsu sai na koma gefe, babu wanda ya ɗauki hakan da zafi. Haka ma da na ce ba na cin naman alade, nan take aka kawo mini shinkafa da kifi da ganye, aka kuma nuna mini ɗakin da zan yi salla.

Jagoran ya ce mini a nan Buleleng akwai ƙauyen Musulmi mai suna Pegayaman, inda mutane suke raɗa wa 'ya'yansu sunayen Bali irin su Wayan da Ketut bisa jerin haihuwa. Mun shirya da direba zai kai ni can gobe da safe, in Allah Ya yarda, idan ƙafafuna sun sake ni.